Shari'ar Mage a Gidan Mai Firji

Mai Firji mutum ne mai jiki, irin wanda cikinsa ke riga shi shan kwana. Shagonsa yana bakin titi, tsakanin masu wankin mota da wata mata mai ɗinki, cike da gawarwakin firji: wani ba ƙofa, wani ba kwamfuresa, wani kuwa mai shi ya kawo tun shekarun baya ya manta hanya. A wajen aiki ba a kushe shi. Da ya kara kunne jikin firji ya yi shiru kaɗan, sai ya gaya maka ciwonsa. Abu ɗaya ne ya gagare shi gyarawa, wato 'ya'yansa uku da waya.

Babbarsu, wadda ake kira Gimbiya, shekararta sha shida, kuma duk abin da ka ce mata amsarsa "Umm". Mai bi mata, Dogo, ya taɓa yin karo da ƙofar banɗaki, ya ba ƙofar haƙuri, ya wuce bai ɗago kai ba. Auta kuwa, 'yar shekara shida, ba ta da waya, amma ta haddace lambar buɗe wayar kowa a gidan.

Wata rana ya dawo daga shago ya yi sallama, shiru. Ya sake, shiru. Ga su nan su uku a falo, kowa ya dunƙule kan kujera, haske na wasa a fuskarsa. Sai ya cika huhunsa da iska ya kwarara ihu: "Gobara!"

Dogo, yatsansa na ci gaba da sharar waya, ya ce, "A wane gari, Baba?"

Washegari Mai Firji bai buɗe shago ba sai da ya biya ɗakin karatu na unguwa, inda yayarsa take aiki a sashen yara. Mace ce siririya mai tabarau a kan hanci, yara suna ce mata Gwaggo, shi yana ce mata Yaya, ita kuma tun yana rarrafe take ce masa Tulu, kuma furfura ba ta sa ta daina ba.

"Yaya," ya ce, yana share gumi, "littafi nake so. Mai kauri. Mai tarbiyya. Irin wanda yaro zai karanta ya ji tsoron ubansa."

"Irin wannan ko uban ba zai karanta ba," in ji ta. "Zauna, Tulu. Ba a ba yaro littafi kamar yadda ake ɗura masa magani. Sai ka san inda ke masa ƙaiƙayi. Gimbiya, kafin waya ta cinye ta, me ta fi so?"

"Gardama. Tana 'yar ƙarama ta taɓa tsare ni a kan me ya sa ni nake da ƙwai biyu ita ɗaya."

"Dogo fa?"

"Bincike-bincike. Ba jakar da bai zazzage ba a gidan nan."

"Auta na san ta. Ko ƙadangare ta gani sai ta tambaye shi ina mamansa."

Ta shiga tsakanin kantoci ta dawo da littattafai uku. Na Gimbiya labarin wata matashiyar lauya ce da ta tsaya wa wani mai shara da aka yi wa ƙage. Na Dogo labarin wani ɗan sandan ciki ne mai gano ɓarawo daga sawun takalmi da ƙamshin riga. Na Auta mai hotuna ne, labarin yarinyar da ta tsinci mage a cikin kwata ta kai ta gida.

"Amma ka sani," ta ce tana buga hatimi, "littafi ba maganin barci ba ne. In ya kama yaro, ba zama yake sa shi ba."

"Ko kan rufi zai sa su hau, su hau, in dai ba waya a hannunsu," in ji Mai Firji.

Bai ƙwace wayar kowa ba, don ba ya son koke-koke. Caja ya bi ya kwashe, har da ta bayan gado, ya kai shago ya kulle cikin wani mataccen firji. Wayoyi suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Aka yi fushi, aka yi yajin magana, Dogo har ya gwada yajin cin abinci, amma bai kai azahar ba. Da zaman shiru ya ishe su, sai Gimbiya ta ɗauki nata littafin don ta yi fifita da shi, idonta ya faɗa kan shafin farko. Shi ke nan.

Mai Firji ya riƙa shiga gida yana taku ɗai-ɗai kamar wanda ya ci gasa. Ga Gimbiya a kwance da littafi, ga Dogo a bakin taga da littafi, ga Auta kan cinyar mamanta tana nuna hoto. Har masu wankin mota ya yi wa lacca a kan tarbiyya.

Abin ya fara sauya salo ne ranar da ya ce wa Gimbiya ta kawo masa ruwa, ta ce, "Umarni ne ko roƙo, Baba? Don in san matsayina." Dogo kuma ya ɓalle gilashin wani tsohon tabarau yana bin gida da shi. Ya duba takalmin ubansa ya ce masa yau ya bi ta bayan kasuwa. Ya shinshina mayafin mamansa da ta dawo daga aiki ya ce yau an wanke asibiti da sabon magani. Duk gaskiya ne, abin da ya fi ba da haushi ke nan.

Ana wata ga wata, sai Auta ta dawo daga makaranta jakarta na motsi. Aka buɗe, sai ga mage, ramammiya, kunne ɗaya a yage, tana kallon mutanen gidan kamar ita ce ta ba su haya.

"A fitar da ita," in ji Mai Firji.

"A bisa wace doka?" in ji Gimbiya.

Mage ta zauna. Auta ta raɗa mata suna Hajiya Ƙarama, ta shimfiɗa mata tsohuwar rigar ubanta a kwali.

To, a nan sai an faɗi wani abu game da Mai Firji. Matarsa nas ce, kuma ita da kanta ta ɗaura masa abin awo a hannu ta ga jininsa ya hau. Daga ranar ta yanke masa gishiri, ta yanke masa mai, ta yanke masa jan nama. Abincinsa ya koma dafaffen ganye da kifin da aka dafa a ruwa, fari fat kamar an wanke shi da sabulu. Amma yara dole su tafi makaranta da abinci, don haka kowane ƙarshen mako takan soya nama da albasa, ta zuba a roba mai murfi, ta sa a firjin kicin.

Mai Firji ya yi haƙuri iyakar haƙurin ɗan Adam. Sai wata rana da tsakar rana, maman yara na asibiti, yara na makaranta, ya tuna ya manta filaya a gida. Ya zo ɗaukar filaya. Da ya shiga kicin shan ruwa, robar nan ta kalle shi, shi ma ya kalle ta. Don kada hannunsa ya yi maiƙo, sai ya zaro sukudireba daga aljihu, ya goge ta a riga, ya tsire tsoka ɗaya. Ɗaya tak. Sai ya ga ɗayar ta bar gurbi, ya ci ta kusa da ita don wurin ya daidaita.

Daga nan ya zama mutum mai yawan mantuwa. Yau filaya, gobe tef, jibi bai ma tuna abin da ya manta ba sai da ya iso.

Maman yara ba ta daɗe ba ta lura. Wata ranar Laraba, ana cin abincin yamma, ta fito falo da robar a hannu, ta girgiza ta, tsoka biyu suka yi ƙara a ciki.

"Wa ke cin naman nan?"

Yara suka kalli juna. Mai Firji ya waiga hagu, ya waiga dama, idonsa ya sauka kan Hajiya Ƙarama tana lasar ƙafa a bakin ƙofa.

"Ai ga shi nan," ya ce. "Tun ranar da aka kawo baƙuwar nan na faɗa. Kun ga yadda ta yi kumatu? Gobe a mayar da ita inda aka tsince ta."

Auta ta fasa kuka, ta rungume magen har sai da magen ta yi ƙara ita ma. Gimbiya ta ajiye cokali, ta miƙe a hankali, idonta na ƙyalli kamar wadda aka yi wa albishir.

"Ba a korar kowa sai an saurare shi," ta ce. "Ni ce lauyarta. Dogo, kai ne mai bincike. Mama, ke ce alƙali. Ranar Asabar za a zauna."

Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Dogo har rawa ya taka.

Mai hankali da ya daina mantuwa daga ranar. Mai Firji ma ya ƙudura hakan. Amma maman yara ta sake soya sabon nama, shi kuma ya yi wani lissafi: in nama ya daina ɓacewa daidai lokacin da aka sa wa mage ido, ai za a ce magen ta gane ana zarginta, wanda hakan zai yi wuyar gaskatawa. Don kare gaskiyar maganarsa, ranar Alhamis ya sake manta filaya. Ya lura ƙasan kicin ya ɗan yi fari-fari, ya ce a ransa yaran nan ba su iya shara ba.

Ranar Asabar da la'asar aka mayar da falo kotu. An jawo teburin cin abinci tsakiya, maman yara ta zauna a bayansa da babban cokalin miya a hannu. Gimbiya ta yafa baƙin labule, ta ɗora farin tawul a ka. Wadda ake tuhuma tana cikin kwandon wanki an kifa mata wani a kai, Auta na zura mata yatsa ta rami. Aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai ga Gwaggo da jakarta.

"An ce mini littattafaina sun yi 'ya'ya," ta ce, "na zo barka."

Aka kira Mai Firji a matsayin mai ƙara. Ya zauna a kujerar shaida yana murmushi, yana kaɗa ƙafa, irin na uban da ke biye wa yara.

Dogo ya fara. Ya buɗe wata takarda da ya zana sawu a kai. "Ranar Alhamis da safe na barbaɗa fulawa a gaban firji. Da na dawo na sami wannan sawun. Mage ba ta sa takalmi, in ma tana sawa, ba lamba arba'in da biyar ba."

"Takalmina ne," in ji Mai Firji. "Gidana ne. Ba zan shiga kicin ɗina in sha ruwa ba?"

Dogo ya zaro wata leda, ya ɗaga sama. Sukudireba ce a ciki. "A aljihun rigar aikinka na same ta. Bakinta da maiƙo."

"Man inji ne."

Dogo ya miƙa wa alƙali. Ta shinshina, ta ɗago ido a hankali. "Baban Gimbiya, wane inji ne ake zuba wa mai da albasa?"

"Sababbin fitowa ne," ya ce. Ƙafar da yake kaɗawa ta tsaya.

Sai Gimbiya ta tako gabansa, hannu a baya, tawul na zamewa tana gyarawa.

"Baba, kana cewa wadda nake karewa ita ta buɗe firji?"

"Ƙwarai."

"Ta buɗe robar, ta ɗebi nama, ta mayar da murfi, ta rufe firji?"

"Magen titi ce. Sun ga duniya."

"To na yarda," in ji Gimbiya, muryarta ta yi laushi. Ta juya wajen alƙali. "Mai shari'a, ni ma na gane yadda aka yi. Robar ƙofar firjin nan ce ta saki. Ba ta kamawa. Ko iska ta busa sai ƙofar ta buɗe. Laifin na wanda ya sa robar ne, aikin banza ya yi. Ai dama a unguwa ana cewa in kana son firji mai rufuwa, gara ka kai wa sabon mai gyaran nan na bakin tasha."

Mai Firji ya miƙe tsaye har kujerar ta faɗi.

"Wa ya ce? Wannan yaron da bai iya bambanta gas da ruwan famfo ba? Ni na sa robar nan da hannuna! Ƙofar firjin nan ƙato ma sai ya sa hannu biyu ya dafa ƙafa a bango! Ni kaina kullum da rana sai na ajiye sukudireba na ja da ƙarfi kafin ta buɗe, balle wata mage mai kunne ɗaya!"

Gwaggo ta cire tabarau ta cusa fuska a mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Ba ni da sauran tambaya," in ji Gimbiya.

Mai Firji ya tayar da kujerar, ya zauna, ya dubi silin. "Gwada robar nake yi," ya ce a hankali. "Aikinmu ya gaji haka."

Alƙali ta buga cokali a tebur. Aka sallami Hajiya Ƙarama ba tare da tabo a sunanta ba, ta fito daga kwando ta yi miƙa, ta wuce ta gaban mai ƙara ko kallo bai ishe ta ba. Hukunci ya zo kashi biyu. Na farko, ya ba magen haƙuri a gaban kowa. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, sharrin yunwa ne." Na biyu Gwaggo ce ta ba da shawararsa.

"Yaran gidan nan duk na ba su littafi, saura ubansu," ta ce, tana zaro wani daga jaka. "Wannan na iyali ne, a bayyane ake karanta shi. Kullum bayan cin abincin yamma, babi ɗaya, da bakinsa."

"Yaya, ni rabona da littafi tun ina da gashi."

"To ka ga ka huta da yawa."

Labarin wani iyali ne da suka sayi tsohuwar bas suka kama hanyar zuwa ganin teku, da kakansu mai kurma da wata akuya da ta ƙi a bar ta a gida. Da farko Mai Firji ya riƙa karantawa kamar mai karanta takardar magani. Amma a babi na uku bas ta lalace, uban cikin labarin ya zuba ruwan sanyi a injin da ya yi zafi, sai Mai Firji ya buga littafin a cinya.

"Kai! Wannan mutumin zai kashe su! Wa ya ba shi mota?"

Daga nan ya shiga ciki tsundum. Ya ƙirƙiro wa kakan murya, ya ƙirƙiro wa akuyar murya, har matar gidan da ke maƙwabtaka da su ta aiko a tambaya ko an sayi dabba ne. Babi ɗaya ya koma biyu. Yara na hamma yana cewa, "Ku tsaya mana, saura kaɗan su tsallake gadar." Maman yara ta auna jininsa ta ga ya ɗan sauka, ban da ranar da akuyar ta cinye taswira.

Sai aka zo shafin ƙarshe. Bas tana gangarowa daga tudu, birki ya tsinke, kogi a gaba, kakan na barci, akuya a kujerar direba. Mai Firji ya juya shafi. Fari. Ya sake juyawa, bango. Ya girgiza littafin ko wani abu zai faɗo.

"Akwai na biyu," in ji Gimbiya.

Safiyar Asabar, ana buɗe ɗakin karatu yana bakin ƙofa.

"Yaya, wannan ai zalunci ne. A bar mutane a kan tudu ba birki?"

"Na biyun kwafi ɗaya ya rage, kuma ba a fita da shi," in ji Gwaggo. "In kana so ka zauna can ka karanta."

Can ɗin kusurwar ƙananan yara ce, mai tabarma kala-kala da kujerun roba 'yan mitsi-mitsi masu hannu. Mai Firji ya dubi kujerun, ya dubi littafin. Ya zaɓi wata ja, ya saita jikinsa, ya sauka a hankali. Kujerar ta yi wani ɗan kuka, ta karɓe shi.

Ya fara karantawa a zuci, amma baki ya riga ya saba. Da akuya ta taka birkin hannu da ƙafa, bai san lokacin da ya yi kukanta da ƙarfi ba. Wani yaro mai majina ya matso. Wasu 'yan biyu suka matso. Kafin ya gama babin, yara sun cika tabarmar, iyaye na tsaye a baya, mai gadi ya bar ƙofa ya leƙo da kai. Aka tsallake kogi, aka yi tafi. Mai Firji ya rufe littafin yana haki, ya yunƙura zai tashi ya ɗan rusuna wa masu tafi.

Kujerar ta tashi tare da shi.

Ya koma ya zauna da sauri. "Babi ɗaya kuma?" ya ce. Yara suka yi ihun murna. Ya karanta wani, ya ƙara wani, ya ƙara wani, muryarsa ta dishe, gumi ya jiƙa masa riga, yana ta addu'a a ransa mutane su watse. Ba su watse ba sai da lokacin rufewa ya yi. Wata uwa ma ta tsaya ta tambayi Gwaggo ko malamin nan zai dawo mako mai zuwa, Gwaggo ta ce kowace Asabar, an riga an gama magana.

Da wurin ya rage su uku, Gwaggo ta riƙe shi ta hammata, mai gadi ya kama ƙafafun kujerar, aka ja. Aka sake ja. Mai gadi ya faɗi zaune, kujera na nan daram. Aka kawo sabulun wanke hannu aka shafa, abin da aka samu kawai shi ne wandonsa ya yi kumfa.

"Akwai zarto a shago," in ji Mai Firji da dusasshiyar murya.

Gwaggo ta ce, "Kayan hukuma ne, ba za ka yanka mini ba. Ka je gida ka kwanta rub da ciki, yara su ja. Su uku ne, ga nas."

Ta cire babban mayafinta ta ɗaura masa a ƙugu, ƙafafun kujerar huɗu suka tokare shi ta baya kamar wutsiyar talotalo. Ya kai bakin ƙofa yana tafiya a karkace, sai ya tsaya, ya waigo, ya dubi littafin da ke kan tabarma. Saura babi biyar, kuma har yanzu ba a ga teku ba.

Gwaggo ta yi ajiyar zuciya. Ta ɗauko littafin, ta buga masa hatimi, ta soka masa a hammata.

"Littafin mako biyu, Tulu," ta ce. "Kujerar kuwa Litinin da safe nake son abata."